Sharhi: Na'urorin Da Ake Ɗaurawa A Jiki Da Maganin Lalurar Firgici

A 'yan shekarun nan kafofin watsa labarai na Amurka da ƙasashen Turai sun cika da labarin wasu ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a hannu, ko a saka a ka, ko a maƙala a hanci, waɗanda aka ce suna taimaka wa mutanen da suka ga tashin hankali su samu barci da natsuwa. Wannan batu ya cancanci mu tsaya mu dube shi da idon basira saboda dalilai guda biyu. Na farko, duk kayan da ya yi suna a waɗancan ƙasashe ba ya daɗewa yake isowa kasuwanninmu, na gaskensa da jabunsa, tare da 'yan kwangilar da za su yi ta zarya a ma'aikatun lafiya suna tallarsa. Na biyu kuma, lalurar da aka ƙera na'urorin dominta tana nan a cikin jama'armu, a tsakanin sojoji da 'yan sanda, da 'yan gudun hijira, da waɗanda aka sako daga hannun masu garkuwa da mutane. Saboda haka ya kamata mu san abin da na'urorin suke iya yi, da inda ƙarfinsu ya tsaya, tun kafin a zo mana da su.

Mece ce lalurar?

Lalurar da muke magana a kanta ita ce firgicin da ke zama a zuciyar mutum bayan ya tsallake wani mummunan al'amari, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PTSD. Mai fama da ita yakan riƙa ganin abin da ya faru yana dawo masa kamar yanzu ake yi, ko a farke ko a cikin mafarki. Yakan guje wa duk wani wuri ko mutum ko zance da zai tuna masa, ya zama kullum a tsorace, ƙaramar ƙara ta sa shi zabura, barci ya ƙaurace masa, fushi ya yi masa kusa. Likitocin Ingila sun fara rubutu a kan irin wannan hali a tsakanin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya tun a 1915, amma sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin kundinta a matsayin cuta mai zaman kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na mutanen duniya sukan gamu da wani mummunan al'amari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu lalurar ke kamawa. Sai dai a tsakanin waɗanda suka ga yaƙi ko rikici adadin yakan haura kashi 15 cikin ɗari. A Amurka, ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya ta ƙiyasta cewa 29 daga cikin kowane 100 na sojojin da suka yi yaƙin Iraƙi da na Afganistan sun taɓa fama da ita. Wannan ne ya sa akasarin na'urorin da za mu ambata a Amurka aka ƙera su, kuma a jikin tsofaffin sojojinta aka gwada su, domin can ne ake da marasa lafiyar da aka ƙididdige, da asibitocin da ke bin sawunsu, da kuma gwamnatin da ke biyan kuɗin maganinsu.

Yana da kyau a sani cewa lalurar tana da magani tun kafin zuwan na'ura. Ƙa'idojin da ma'aikatar tsaron Amurka da ta 'yan mazan jiya suka sabunta a 2023 sun sa maganin zama da ƙwararre a sahun gaba, inda ake bi da mara lafiya sannu a hankali ya fuskanci abin da yake gudu, ya kuma gyara irin fassarar da ya yi wa abin da ya same shi, kamar ɗora wa kansa laifin mutuwar abokinsa. Bayan wannan sai wasu ƙwayoyi ƙalilan, irin su sertraline da paroxetine. Matsalar ita ce mutane da yawa sukan daina zuwa kafin a kammala, saboda zafin tuna baya, kuma mugun mafarki yakan yi taurin kai. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2018 a kan tsofaffin sojoji 304 ya nuna cewa ƙwayar prazosin, wadda aka daɗe ana bayarwa domin mugun mafarki, ba ta fi ƙwayar bogi ba. A watan Agusta na 2024 kuma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ƙi amincewa da amfani da ƙwayar MDMA wajen maganin lalurar, ta nemi a sake bincike. Wannan giɓi ne masu ƙera na'urori suke neman cikewa.

Na'urorin da yadda suke aiki

Wadda ta fi yin suna a cikinsu ita ce NightWare, wata manhaja da ake sakawa a agogon hannu na kamfanin Apple. Asalinta wani ɗalibin jami'a ne a jihar Minesota ya ƙirƙiro ta a 2015 a wata gasar masu rubuta manhajar kwamfuta, domin mahaifinsa da ya dawo daga yaƙin Iraƙi yana fama da munanan mafarkai. Agogon yana auna bugun zuciya da motsin jiki. A kwanakin farko yakan koyi yadda barcin mai shi yake, daga nan idan ya ga bugun zuciya da motsi sun tashi irin na mai mugun mafarki, sai ya yi ɗan girgiza a wuyan hannu, gwargwadon abin da zai katse mafarkin ba tare da ya tashi mutum daga barci ba. A watan Nuwamba na 2020 hukumar FDA ta ba da izinin sayar da shi ga masu shekara 22 zuwa sama, bisa sharaɗin sai da takardar likita.

Ta biyu ita ce Freespira, wadda ta samu izini domin wannan lalura a 2018. Ita da numfashi take aiki. Sanin likitoci ne cewa mai yawan firgita yakan yi numfashi da sauri fiye da kima ba tare da ya sani ba, abin da ke rage iskar kabon dayoksaid a jininsa, ya jawo jiri da bugun ƙirji da jin kamar numfashi zai ɗauke, wannan kuma ya ƙara masa tsoro. Na'urar tana da ɗan siririn bututu da ake sakawa a hanci, yana auna iskar da ake fitarwa, sakamakon yana fitowa a allon ƙaramar kwamfuta tare da wani sauti da mutum zai riƙa daidaita numfashinsa da shi. Ana yin haka na minti 17, sau biyu a rana, har kwana 28, a gida, tare da mai horarwa da ke bibiya daga nesa.

Ta uku ita ce Prism, ta wani kamfani da ke birnin Haifa a Isra'ila, wadda FDA ta ba izini a watan Maris na 2023. Hula ce mai wayoyi da ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, musamman alamun da ke da alaƙa da amigdala, wato ɗan sashen da ke kula da tsoro. Mara lafiya yana kallon hoton wani ɗakin jira cike da mutane masu hayaniya, idan ya samo dabarar kwantar da hankalinsa sai mutanen da ke hoton su fara zama suna yin shiru. Ana yin zama 15 a cikin mako 8, a asibiti.

Sai kuma tabaran nan da ke rufe ido ya nuna wa mutum duniyar da kwamfuta ta zana kamar yana cikinta. Wannan ya girmi sauran, domin tun a 1997 masu bincike a birnin Atlanta suka gwada shi a kan tsofaffin sojojin Biyetnam. Daga baya Albert Rizzo da abokan aikinsa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka ƙera wanda ake kira Bravemind, inda soja zai ga kansa a cikin motar sintiri a titin Iraƙi, da ƙarar bindiga da girgizar ƙasa har da ƙaurin hayaƙi, likita na gefe yana ƙara zafin abin ko rage shi daidai da juriyar mara lafiya. Manufar ita ce a taimaka wa wanda ya kasa buɗe baki ya ba da labarin abin da ya gani.

Me bincike ya tabbatar?

Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Idan muka bar tallace-tallace muka koma ga sakamakon gwaji, za mu ga hoton ya sha bamban da wanda ake nunawa a talabijin. Izinin da aka ba NightWare ya dogara ne a kan gwajin kwana 30 da aka yi da mutum 70, aka raba su biyu, wasu agogonsu yana girgiza, wasu kuma an ba su agogon da ba ya yin komai ba tare da sun sani ba. Rahoton da aka wallafa a 2023 a kan tsofaffin sojoji 65 ya nuna cewa rukunin biyu duk sun ce barcinsu ya gyaru. Masu agogon gaske sun ɗan fi samun sauƙi, amma bambancin bai kai matsayin da masana lissafi ke yarda cewa ba sa'a ba ce, sai da aka ware waɗanda suka riƙa ɗaura agogon a kai a kai sannan fifikon ya fito fili. Ma'anar wannan ita ce akwai alamar amfani, kuma ba a ga cutarwa ba, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin kuma gajere ne.

Haka abin yake ga sauran. Binciken Freespira da aka wallafa a 2021 an yi shi ne da mutum 55, na Prism kuma da mutum 79, kuma a duka biyun babu rukunin da aka ba na'urar bogi domin a kwatanta. Marasa lafiya da yawa sun samu sauƙi, amma idan babu abin kwatance, ba za a iya rabe amfanin na'urar da amfanin kulawar da mutum ya samu ba, balle ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 40 cikin ɗari na masu lalurar sukan warke a cikin shekara guda. Shi kuwa tabarau, wani gwaji da aka wallafa a 2016 a kan sojojin Amurka 162 ya nuna cewa ya fi zaman jira amfani, amma bai fi zama da ƙwararre ba tare da na'ura ba, hasali ma bayan wata uku da wata shida waɗanda aka yi wa maganin baki da baki sun fi samun sauƙi.

Wani abin lura shi ne hukumar FDA da kanta ta gindaya cewa NightWare ba magani ne mai cin gashin kansa ba, tare da sauran magunguna ake amfani da shi, a ƙarƙashin kulawar likita. Ta kuma hana shi ga masu tafiya cikin barci ko masu kai duka suna mafarki. Ke nan kowace ɗaya daga cikin na'urorin nan alama ɗaya take kamawa, wata mafarki, wata numfashi, kuma kowace tana bukatar ma'aikacin lafiya a bayanta, wanda zai gano lalurar, ya rubuta na'urar, ya duba sakamakon, ya kuma lura idan mara lafiya ya fara tunanin kashe kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara goma yana tsoron kwanciya, domin rashin barci shi ke tura mutane da yawa shan ƙwayoyi ko barasa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Amma wanda ya sayi agogo da tunanin ya sallami likita ya yaudari kansa.

Matsalar kuɗi da ta sirri

Ko a Amurkar ma harkar ba ta zauna da gindinta ba. Kamfanin Pear Therapeutics, wanda shi ne ya fara samun izinin FDA a 2017 na manhajar da likita ke rubutawa kamar magani, an taɓa yi masa kuɗi dala biliyan 1.6 a 2021, amma ya karye a watan Afrilu na 2023, aka sayar da kayansa a kan kimanin dala miliyan 6, saboda likitoci suna rubutawa amma kamfanonin inshora ba sa biya. Idan kamfanin ƙwaya ya rufe, wani kamfanin zai ci gaba da yin irin ƙwayar, amma idan kamfanin manhaja ya rufe, na'urar da ke hannun mara lafiya ta zama kwalliya. Ƙasar Jamus ta bi wata hanya ta daban, inda dokar da ta yi a 2019 ta ba likitoci damar rubuta manhaja inshora ta biya, bisa sharaɗin kamfani ya kawo hujjar amfani a cikin ƙayyadadden lokaci ko a cire shi daga jeri.

Batun sirri kuwa ya fi wannan nauyi. Na'urar da ke auna bugun zuciya da barci da wurin da mutum yake dare da rana ta san abin da ko matarsa ba ta sani ba. A watan Janairu na 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna sansanonin sojojin Amurka a Afganistan da Siriya, saboda sojoji suna gudu da na'urori a hannu, har ma'aikatar tsaron ƙasar ta hana kunna na'urar nuna wuri a fagen daga a watan Agusta na wannan shekara. A 2023 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga kamfanoni irin su Facebook domin talla. Ga soja, fallasar irin wannan bayani tana iya taɓa ƙarin girmansa, ga budurwar da aka yi wa fyaɗe kuma tana iya taɓa aurenta da mutuncin gidansu.

Yaya abin yake a wajenmu?

Babu mai musun cewa bukatar tana nan. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a arewa maso gabashin Nijeriya, ya tsallaka jihar Diffa a Nijar da arewacin Kamaru da yankin tafkin Chadi. A arewa maso yamma akwai hare-haren 'yan bindiga da satar mutane. Ban da rikici, akwai ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, da gobarar tankar mai a garin Majiya na jihar Jigawa a watan Oktoba na wannan shekara, wadda ta ci rayuka fiye da 150. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kama daga baƙin ciki mai tsanani zuwa firgici. A ɗaya hannun kuma, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma asibitocin da suka ƙware a wannan fanni a arewa, irin su na Maiduguri da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, ana iya ƙirga su da yatsu.

To, a irin wannan hali mutum zai iya cewa ai na'ura ce za ta cike gurbin likitan da babu. Amma bayanin da ya gabata ya nuna akasin haka, domin an gina na'urorin ne a kan cewa likitan yana nan. Ga kuma tsada. Agogon Apple mafi araha ya haura dala 200, ban da wayar da yake aiki da ita da kuɗin manhaja, alhali mafi ƙarancin albashi da dokar 2024 ta tsayar naira 70,000 ne a wata. Agogon yana bukatar caji kullum, a ƙasar da Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 85 ba su da wutar lantarki.

Wani hanzari ba gudu ba, na'urar da aka gwada a jikin tsohon sojan da ke kwana shi kaɗai a ɗaki mai sanyi a Minesota ba lallai ta fahimci barcin mai goyon da ke tashi sau uku tana shayarwa ba, ko na mutum shida da ke kwana a tanti ɗaya cikin zafin bazara, ko na wanda zazzaɓin cizon sauro ya ɗaga masa bugun zuciya. Akwai kuma batun launin fata. Masu bincike a Jami'ar Mishigan sun nuna a 2020 cewa na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Agogon hannu ma da haske yake auna bugun zuciya, akasari koren haske wanda baƙar fata ta fi shanyewa, kuma sakamakon binciken da aka yi a kan ingancinsa ga baƙar fata ya saɓa wa juna. Duk hukumar da ta sayi irin wannan kaya ba tare da an gwada shi a jikin mutanenmu ba ta yi cinikin biri a sama.

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne akwai sababbin dabarun da aka gwada a ƙasashe masu hali irin namu, aka kuma samu sakamakon da ya fi na na'urorin nan ƙarfi. A gabashin Kwango, wani gwaji da aka wallafa a 2013 a kan mata kimanin 400 da aka ci wa zarafi a lokacin yaƙi ya yi amfani da ma'aikatan ƙauye da aka horar, suna zama da matan rukuni-rukuni. Bayan wata shida, kashi 9 cikin ɗari ne kawai suka rage da alamun damuwa mai tsanani, alhali a ƙauyukan da aka kwatanta da su kashi 42 ne, kuma an samu makamancin haka a alamun firgici. A Feshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya an gwada wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya mai zama biyar kacal, wanda ma'aikacin da ba likita ba yake gudanarwa, ya kuma yi amfani. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa. Idan ba a manta ba, a nan Nijeriya ma tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fito da tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da ɗan uwansa yana zuwa asibiti da rana, tsarin da ya ja hankalin duniya a zamaninsa.

Abin da ya kamata a yi

A ganinmu, abu na farko shi ne a fara da mutane. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya da shigar da wannan fanni cikin kiwon lafiya na matakin farko. Tun da yake asibitocin ƙauye da ƙananan ɗakunan shan magani a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, a nan ne aikin zai tabbata ko ya tsaya a takarda. Kuɗin da za a sayi agogo ɗari da shi zai horar da ma'aikatan jinya da ungozoma da malaman asibiti masu yawa su iya gane lalurar, su yi maganin abin da za su iya, su tura mai tsanani gaba. Ya kamata kuma a jawo malamai da limamai da masu unguwanni cikin wannan aiki, tun da wurinsu iyali ke fara zuwa idan mutum ya fara zabura da ihu cikin dare, domin su san lokacin da za su ce a haɗa da asibiti.

Na biyu, kada a rufe ƙofa ga na'urorin. Asibitocin koyarwa da na soja su ne wurin da ya dace a gwada su, a kan mutane ƙalilan da suka yarda, da rukunin kwatance, a kuma wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Horon numfashi, alal misali, abu ne da za a iya koyar da tushensa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ta rediyo da ƙaramar waya, kuma matasanmu masu ilimin kwamfuta za su iya ƙera abin da ya dace da aljihunmu idan aka haɗa su da likitoci.

Na uku, a tsaurara sa ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kasuwanninmu sun riga sun cika da agogunan zamani masu araha da ke nuna lambobin bugun zuciya da hawan jini, kuma ba abin mamaki ba ne gobe a ji mai talla da lasifika yana cewa suna maganin firgita. Rajistar kayan aikin asibiti tana hannun hukumar NAFDAC, kare bayanan jama'a kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanade shi. Duk wata yarjejeniya da za a ƙulla da kamfani ya kamata ta fayyace inda za a ajiye bayanan marasa lafiya, da wanda zai gan su, da abin da zai faru idan kamfanin ya rufe.

Daga ƙarshe muna kira ga jama'a da su sani cewa wanda ke zabura cikin barci, ko yake gudun kasuwa tun bayan fashewar bam, ko ya daina magana tun da ya dawo daga daji, ba mahaukaci ba ne kuma ba rago ba ne, rauni ne ya ji wanda ido ba ya gani, kuma yana warkewa idan an kula. Idan alamun suka wuce wata guda suna hana shi harkokinsa, a kai shi asibiti mafi kusa a yi wa ma'aikacin lafiya bayani, idan kuwa ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai kuma kada a jira gobe. Kada kuma wani ya sayar da akuyarsa ko buhun hatsinsa ya sayi agogo saboda alkawarin mai talla, sai ya ji daga bakin likita.